Surukina da Kiɗan Laka

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Doha. Duk wanda ya gan ni da safe, da hula zanna da jakar takardu, zai rantse ban taɓa jin sautin da ya fi ƙararrawar makaranta ƙarfi ba. Haka surukina ma ya ɗauka, kuma a kan wannan fahimtar ya ba ni 'yarsa. Ranar da aka je neman aure, abin da ya gaya wa baffana ke nan: "Na bincika, an ce yaron yana da natsuwa." Binciken nasa bai kai cikin wayata ba.

A cikin wayar akwai wani faifai. Wani abokin aikina ne, malamin kimiyya daga wata ƙasa mai sanyi, ya jefa ni cikinsa wata rana muna duba takardun jarrabawa. Ya ga ina hamma, sai ya cusa mini abin sauraro a kunne ya ce in sha magani. Irin kiɗan nan ne da Turawa ke kira hebi metal. Ƙungiyar da ta yi shi kuwa haɗa ta aka yi daga manyan ƙungiyoyi: mai jita daga nan, mai ganga daga can, mawaƙi daga wata uwa duniya, kowa sarki ne a gidansu. Kamar dai a tattaro gwanayen damben garuruwa a ce su zauna su ci tuwo a kwano ɗaya. Faifansu na farko ya yi suna, kowa ya yaba. Na biyun ne aka yi ta guna-guni a kansa. Aka ce ya yi tsawo, ya yi nauyi, yana jan ƙafa. Duk gaskiya ne, kuma abin da ya sa na so shi ke nan.

An sassauta wa jita tsirkiya har amonta ya koma ƙasa, kamar tirela cike da siminti tana hawan tudu da giya ta ɗaya. Mai ganga zai ɗaga sanda, ya tsaya kamar wanda ya tuna da iyalinsa, sai ka fid da rai sannan ya sauke. Can ƙarƙashin wannan rugugin akwai wani kuka mai daɗi, irin na kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira bulus, wanda kunnen ɗan Arewa ba ya jin sa a matsayin baƙo. Maiɗakina dai ba ta ji kukan ba. Ita sunan da ta raɗa wa faifan shi ne injin markaɗe.

A shekarar da nake magana tana ɗauke da cikinmu na fari. Kowa ya san ƙa'ida: haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, a yi goyon ciki, a yi wankan jego, miji ya yi ta leƙe daga nesa. Ita kuwa tana tsakiyar karatun digiri na biyu, likitarta tana nan, ni ma ina nan, kuma idan ta tafi gida Allah kaɗai ya san watan dawowa. Abin da muke so shi ne mahaifiyarta ta zo Doha a yi komai a nan. Baba, wato mahaifinta, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi zai zo a duba masa gwiwa, ya kuma ga yadda muke zaune da idonsa. Mun san ma'anar wannan. Tsohon hedimasta ne, kuma hedimasta ba ya ziyara, rangadi yake yi. Idan ya gama zai koma shi kaɗai, ko kuma ya koma da ita, tun cikin bai tsufa an hana ta hawa jirgi ba.

Ana gobe zai iso ta tsare ni a kicin.

"Malam, abu ɗaya na roƙe ka."

"Faɗi."

"Injin markaɗen nan. Kada Baba ya ji ko tarinsa. Natsuwarka ya gani ya ba ka ni, natsuwarka zai gani ya bar ni."

Na yi alkawari. Na ɓoye abin sauraro a cikin jakar safa. Akwai wata baƙar riga mai zanen ƙwarangwal da abokin nan nawa ya ba ni, na naɗe ta na tura bayan buhun shinkafa. Muka mai da gidan kamar ɗakin jarrabawa. Ko dariya muka daina yi da ƙarfi.

Wanda bai taɓa kunyar suruki a bene ba bai san lissafi ba. A gida, inda akwai zaure da tsakar gida da ƙofar baya, abin mai sauƙi ne: ya shigo ta gabas, ka fita ta yamma. Mu kuwa a unguwar Al Mirqab ɗaki biyu gare mu da falo da siririn lungu guda, wanda dole kowa ya bi. Ba na cin abinci a gabansa, ba na kallon idonsa, ba na zama a kujera yana zaune. In lokacin cin abincinsa ya yi sai in sulale zuwa Corniche, titin bakin teku, in yi ta zagaye ina kallon jiragen ruwan katako har in tabbatar ya wanke hannu. Magana kuwa ta bakin maiɗakina muke yi. Sunan mahaifiyarsa gare ta, saboda haka Uwata yake kiran ta.

"Uwata, tambaye shi ko ya tashi lafiya."

"Malam, Baba ya ce ko ka tashi lafiya."

"Ki ce masa lafiya ƙalau, ya gwiwar?"

Muna tsaye mu uku a wurin da bai fi tabarma ɗaya ba. Ban taɓa ganin tafintar da ke fassara Hausa zuwa Hausa da irin wannan ƙwazo ba.

Wata Asabar da safe ya ce a kai shi Umm Salal, wani gari a wajen Doha. Wani tsohon ɗalibinsa yana aiki a wata gona a can inda ake noman tumatir ba ƙasa, cikin ruwa da bututu, kuma Baba ya ce ba zai yarda ba sai ya gani. Saboda gwiwa ya zauna a gaba kusa da ni, ita ta zauna a baya. Ya gyara babbar riga, ya karanta addu'ar tafiya, muka shafa. Na tayar da mota.

Na ɓoye riga, na ɓoye abin sauraro, amma na manta cewa motata da wayata sun daɗe da ƙulla amana. Da zarar an kunna, sai su gaisa ta bulutut su ɗora daga inda aka tsaya. Inda aka tsaya kuwa shi ne farkon faifan.

Waƙar farko da wani gurnani take farawa, ƙasa-ƙasa, wanda ba ka sanin daga ina yake fitowa. Baba ya karkata kunne wajen inji.

"Uwata, tambaye shi yaushe rabon da ya juye baƙin mai."

Kafin ta buɗe baki mai ganga ya sauke sandarsa. Gilasan mota suka amsa. Na kai hannu da sauri wajen maɓalli, yatsana ya kusa taɓawa, sai na ji murya a gefena, a natse, irin wadda ta shekara da shekaru tana tsayar da yara a filin makaranta.

"Uwata, ce masa ya bar shi."

Na janye hannu. Me zan yi? Suruki ya ce a bari. Ba a tambayarsa dalili, ba a yi masa bayanin da bai nema ba, ba a kuma juyawa a karanta fuskarsa. Na riƙe sitiyari da hannu biyu kamar ɗan koyo, muka hau titi da injin markaɗe yana aiki a cikin mota.

Na san abin da ake yi mini. Ni ma malami ne. In ka kama yaro da takardar satar amsa, ba ka yaga ta, cewa kake ya karanta wa aji da ƙarfi har ƙarshe. Ta madubi na hango maiɗakina ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka take ko dariya ba. Daga baya ta ce ita ma ba ta sani ba.

Babban yaƙin da wuyana na yi shi. Shekaru yana amsa wannan kiɗan ba tare da neman izinina ba. Duk sanda ganga ta sauka sai in ji kai yana neman ya bi ta. Na ƙame shi kamar wanda ya kwana a kan matashin da ba nasa ba. Na riƙa karanta jadawalin sau a zuci. A waƙa ta uku mawaƙin ya buɗe maƙogwaro ya yi wata irin ƙara, kamar bijimin da aka taka wa jela, daidai lokacin da danja ta tsayar da mu. Wata farar jif ta tsaya a gefen Baba. Wani saurayi Balarabe ya sauke gilashi, ya dubi dattijo cikin babbar riga da carbi a hannu, ya dubi motar da ke girgiza, sai fuskarsa ta cika da girmamawa. Ya ɗaga hannu ya jinjina masa. Baba ya ɗaga nasa a hankali ya amsa, kamar yadda yake amsa gaisuwar tsofaffin ɗalibai a kasuwa. Daga kujerar baya na ji wani sauti kamar an shaƙe kaza.

Muka isa gona. Aka nuna masa tumatir, ya yi tambayoyi, ya gyara wa tsohon ɗalibin nasa Hausa sau biyu. A komowa faifan ya ɗora daga inda ya tsaya, don ba a ba ni umarnin kashewa ba. Har muka iso gida tambaya ɗaya ya yi.

"Uwata, tambaye shi, mutanen nan biyan su ake yi?"

"Malam, Baba ya ce..."

"Ki ce masa ana biyan su."

"To," in ji Baba. Ya fita daga mota.

Wannan "to" ɗin muka kwana biyu muna fassarawa, ni da ita, ba mu samu ma'anar da ta yi mana daɗi ba. Na raba waya da mota, rabuwa ta har abada. Na nemo wani dogon wa'azi kan ladabin zama da manya na ajiye a shirye. Muka ƙara wa gidan shiru a kan shirunsa. Har cokali a hankali muke ajiyewa.

Abin mamaki, sai Baba ya ce a sake kai shi Umm Salal. Ya manta bai tambayi inda suke samun ruwa ba. Muka tafi da wa'azi. Ya saurara, ya yi gyaran murya. Bayan kwana kaɗan ya ce a koma, yana son ganin irin tumatirin. Wannan karon na kunna labaran duniya. Muka sake komawa don bututu. Tsohon ɗalibin ya ƙare abin nunawa, har ya fara zagayawa da shi ɗakin ajiye taki. Kowace tafiya fuskar Baba, gwargwadon abin da gefen idona ke iya ɗauka, sai ƙara ɗaurewa take. A komowa ta ƙarshe ya yi maganar da muke tsoro.

"Uwata, in kin je asibiti ki tambayi likita ko har yanzu za su bari ki hau jirgi."

Ta ce to. Da muka shiga gida ta wuce ɗaki ta rufe ƙofa, ni kuma na tafi Corniche na zauna ina hararar teku, kamar shi ya ƙirƙiro bulutut.

Washegari na dawo daga makaranta da la'asar, ina buɗe ƙofa a hankali kamar yadda muka saba, sai ta cafke hannuna ta ja ni kicin. Ta ɗora yatsa a baki, ta nuna bangon falo. Idanunta sun yi jajir, amma ba irin na jiya ba.

Baba yana falo, ya ɗauka ita tana barci ni kuma ban dawo ba. Sai na ji sandarsa ta bugi ƙasa. Dum. Shiru. Shiru mai tsawo, har ka fid da rai. Dum. Kuma a tsakanin bugun akwai wani gurnani daga maƙogwaron mutumin da ke shugabantar kwamitin masallacin unguwarsu.

"Waƙa ta huɗu ce," na raɗa mata. "Har inda jita ke lanƙwasa ya kama."

Ta cusa tsumman goge kwano a baki. Ni na ciji hannun rigata. Muka zame muka zauna a ƙasan kicin, ita tana tallafe da ciki, hawaye na zuba, duk wanda ya dubi ɗan'uwansa sai abin ya dawo sabo. Ashe ba tumatir yake bi ba. Ashe mun yi ta kai dattijo Umm Salal muna dawowa da shi da yunwarsa, muna ɗura masa wa'azi.

Da numfashi ya dawo sai muka ga girman matsalar. Shi ba zai iya roƙa ba. Ina aka taɓa jin Alhaji ya ce wa mijin 'yarsa ya sa masa kiɗan masu ihu? Ni kuma ba zan iya kunnawa da gangan ba, don in na yi haka na faɗa masa ke nan cewa na san yana so, wannan kuwa ya fi zagi. Hanya ɗaya ce: dole a sake yin kuskure.

Ita ta shirya wasan. Na mai da auren waya da mota, na saita faifan a waƙa ta huɗu. Ta sa na gwada fuskar da zan yi.

"Yi mamaki."

Na yi.

"Wannan ciwon haƙori ne, Malam. Sake."

Na sake.

"Yanzu kuma kamar an ce maka an ƙara albashi. Ka ga, khalas, ya isa haka, bar fuskar, ba kallon ka zai yi ba. Ka dai kai hannu kamar za ka kashe. Amma a hankali."

Da Asabar ta zagayo ita ce ta ce masa ai ba a nuna masa wurin kokwamba ba. Ya ce lallai kuwa, ya ɗauki sanda. Ya yi addu'a, muka shafa, na tayar da mota. Ganga ta sauka. Na ce "Subhanallahi" da muryar da ko ɗan aji ɗaya ba zai yarda da ita ba, na fara miƙa hannu. Ban taɓa tafiya mai tsawon wadda hannuna ya yi daga sitiyari zuwa maɓallin nan ba. Baba ya yi shiru. Hannu ya kai rabi, shiru. Na fara tunanin ko mun yi kuskuren fahimta, ko sandar nan kyankyaso yake kashewa da ita. Yatsana ya taɓa maɓalli.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Ce masa ya kula da titi."

Na kula da titi. Mun fita daga cunkoson gari, gine-gine sun fara ja da baya, sai ya soma magana. Ba da ni yake ba, ba da ita yake ba, da gilashin gaba yake.

"Muna yara, in aka kira gayya a fadama bayan ruwa ya janye, ba kowane makaɗi ake ɗauka ba. Na tudu sauri ya iya, don ƙasarsa yashi ce, samari suna noma suna tsalle. Laka kuwa in ka kafa mata garma sai ta riƙe. Dole ka jira ta sake ka. Makaɗin da bai sani ba zai yi ta bugu, ya bar mutane a baya, kafin azahar kowa ya karye. Akwai wani tsoho a garinmu, shi garmar yake kallo. Sai ta fito yake sauke hannu. Tun da ya rasu ban ƙara jin mai ganga da ya iya jira ba." Ya nuna rediyo da kan sandarsa. "Sai wannan Baturen. Ban san a wace fadama ya yi noma ba."

Ganga ta sauka. Muka jira ta gaba mu uku.

"Mai jitar ma yana da abin faɗa. Shi dai mawaƙin, a taimaka masa da zuma da citta."

Daga kujerar baya aka sake shaƙe kazar nan. Baba bai juya ba.

"Malam."

Sai da na ɗan kauce daga layina. Tun da aka ɗaura aure bai taɓa kirana kai tsaye ba.

"Na'am, Baba."

"Na zo na tarar da gida kamar asibiti. Ba dariya, ba motsi, cokali ma tsoron kwano yake. Maigida in an sauke abinci sai ya gudu bakin teku. Yarinyar nan a gidana daga zaure ake jin muryarta. Na ce wannan wane irin zama ne? A nan za ta haihu, jariri ya buɗe ido cikin makoki? Gara in tafi da ita inda ake hayaniya."

"Baba, ai saboda kai muka..." in ji ta.

"Na gane, Uwata. Jiya na je ɗebo wa tsuntsayen taga shinkafa, na ga wata riga." Ya gyara zaman hularsa. "Ki fara nema wa uwarki biza. Ki ce mata ta taho da kanwa da daddawa, don na ga nan ba su san su ba."

Ta fashe da kuka da dariya a haɗe, tana ta godiya, tana cewa Allah ya ƙara girma. Ni ma na so in yi godiya, amma sai wuyana ya riga bakina. Ganga ta sauka, kai ya bi ta, na kuma bar shi. Ta gefen ido na hango wata hula tana sauka a hankali, tana jira, tana tashi. Ban duba ba. Shi ma bai duba ba.

Allon da ke nuna hanyar Umm Salal ya taso a gabanmu, na kunna sigina.

"Uwata, ce masa ba sai mun je gonar ba. Yaron nan ya gaji da ni, ni ma na gaji da tumatir. Tambaye shi faifan da saura?"

"Ki ce masa da saura da yawa. Abin da aka yi ta zagin sa a kai ke nan."

"To, ya zagaya."